Shuɗiyar Waya Da Burodin Kusada

Ana sallame asuba muka bar Katsina, ni da abokin aikina, shi yana tuƙi ni ina kumbura. Bari in faɗa muku gaskiya tun yanzu: ƙyashinsa nake. Shekara takwas na riga shi shiga aikin gwada ma'aunai, ni na nuna masa yadda ake riƙe mita, amma shi aka tura kwas Legas, shi aka ba makullin ɗakin gwajinmu na Kankiya.

Wani Alhaji mai gidan burodi a Kusada ne ya kira mu. Wata biyu da suka wuce na aika masa wayar aunin zafi ta tanderunsa, irin wadda ake haɗa bakin ƙarfe biyu daban-daban ta riƙa gaya wa mita zafin wuta. Tun daga lokacin burodinsa ke ƙonewa. Alhaji ya ce in muka tabbatar wayar lafiya take, a ranar zai sallami mai gashinsa.

A Charanci muka tsaya koko da ƙosai. Ƙosan ya rame, kuɗinsa ya yi ƙiba. Mai kokon ta ƙara wa abokina ludayi guda wai don ya iya gaisuwa, ni kuwa ko kallo ban samu ba. Har wannan sai da na ji shi a raina. Gero ya yi kai a gefen titi, dawa ta fara ja, amma ban ga kyansu ba sai a dawowa.

Da hantsi muka shiga Kankiya. Ɗakin da na bari da yanar gizo da tarkace ya koma fes, kowace waya da takardarta a rataye. Na duba ko'ina in sami abin kushewa, ban samu ba. Abokina ya ɗauko ragowar shuɗiyar wayar da na yanka wa Alhaji, ga rubutuna a jiki: T, wato nau'in wayar, wanda a kansa na saita mitar Alhaji. Ya tambaye ni a hankali yadda na gane ta. Na ce yo shuɗi ai T ne, ko ɗan koyo ya sani, kuma na tsoma ta a ƙanƙara da ruwan ɗumi ta ba ni daidai.

Bai yi gardama ba. Ya ciro ɗan maganaɗisun tsohuwar sifikar rediyo daga aljihu ya miƙo mini. "Malam, ɗan taɓa mana ƙafafun nata, hannuna da maiƙo."

Ƙarya yake, hannunsa tas. Na kai maganaɗisun, sai ga ƙafa ɗaya, wato ɗaya daga cikin ƙarafa biyun wayar, ta biyo shi ta manne. Wayar T ba ta bin maganaɗisu, kuma ƙafarta ɗaya jan ƙarfe ce. Na kankare bakin da reza, duka biyun farare. Wannan nau'in K ce, ba T ba. Shuɗin Amurka T ne, shuɗin Japan kuwa K ne, kuma a sanyi da ɗumi kusan bakinsu ɗaya, sai wuta ta yi ƙarfi suke rabuwa. Muka sa ta a tanderun gwaji: mita na cewa ɗari biyu, ainihin zafin ya doshi ɗari biyu da talatin. Na san duk wannan, wallahi na sani. Sauri da ji da kai ne suka hana ni dubawa.

Hanyar Kusada ba nisa, amma ranar ta yi mini tsawo. Shanun Fulani suka tare mu, muka jira suka gama ƙetarawa cikin isa. Ni ina jira ya yi mini gori in sami abin riƙewa, shi kuwa yana ta ba ni labarin tsadar taki.

Mun tarar da Alhaji a ƙofa da kwandon burodi baƙi ƙirin. Mai gashin, wani dattijo ɗan Mawashi, yana tsugune a gefe da hularsa a hannu. Ya ce shi tun farko fuskarsa ta gaya masa wutar ta yi yawa, amma aka ce ya bi mita, don ƴan boko suka saita ta. Alhaji ya juya wurin abokina, ba wurina ba, ya ce Injiniya ya yanke hukunci. Injiniya! Abokina ya ce ga babbansu nan, shi zai yi bayani.

Na ga hanya a buɗe. Ina iya cewa mitar ce ta lalace, in canza saitin a ɓoye. Amma dattijon nan ni yake kallo.

"Alhaji, Baba ba shi da laifi. Ni na ba wayar sunan da ba nata ba."

Muka mayar da mita kan K, aka zuba sabon kwaɓi. Burodi ya fito ja-ja, ƙamshi har bakin titi. Dattijo ya mayar da hularsa, ya yi ta sa mini albarka, Alhaji ya sa aka dama mana fura da nonon da aka kawo daga ƙauyen Kaikai.

Kafin magariba muka iso Katsina. Abin da tafiyar nan ta koya mini a aiki shi ne kada in ƙara yarda da launin rigar waya sai na taɓa ƙarfenta. Ƙyashin kuwa ba zan yi muku ƙarya in ce ya tafi ba. A da makullinsa nake ƙyashi, yanzu har da halinsa. Da zan sauka na miƙa masa maganaɗisunsa, ya ce in riƙe.

"Naka ne, Malam. Kai ka ba ni shi ranar da na fara aiki."