Sunan Marinin da Kakata Ta Ƙi Faɗa

Bango ɗaya ne ya raba ofishina da na wani dattijon Bature, farfesan tarihi, a jami'ar da nake koyar da lissafi a Doha. Shekara biyu muna gaisawa a bakin ƙofa ban taɓa shiga ba, sai ranar da injin buga takarduna ya ƙi aiki na je aron nasa. Ina shiga na ga wata doguwar takarda manne a bango, daga sama har kusan ƙasa, cike da sunaye da layuka.

Na ce, "Farfesa, duk wannan danginka ne?"

Ya yi dariya ya ce ina! Dangin wani bishop ne, wato babban limamin coci, da ya rayu fiye da shekara dubu da suka wuce cikin mutanen da ake ce wa Farank, kakannin Faransawa da wasu Jamusawa. Bafaden sarki ne da farko, ya yi aure ya haihu, aka ba shi limanci, a ƙarshe ya ajiye komai ya shige daji yana ibada. Kiristoci suka ɗauke shi waliyyi, zuriyarsa kuma suka zama sarakuna. Amma a can sama, inda sunan uban bishop ɗin ya kamata ya zauna, akwatin a wofi yake.

Ya ce, "Dakta, shekara talatin ina neman abin da zan cike nan da shi. Da jikokinsa suka hau mulki sun ƙago masa kakanni masu daraja, amma na gaskiyan ya ɓace."

A raina na ce lalle Bature bai rasa aikin yi ba. Sai ya juyo ya tambaye ni sunan kakan kakana. Na buɗe baki, wallahi babu. Ni da nake zaune cikin Larabawa masu jero kakanni bakwai kafin shayi ya huce! Na san sunan babana da na kakana, na san asalinmu wani marini ne da ya zo daga gabas ya haƙa karofi a bayan gari. Amma kowa "Marini" yake ce masa, kamar ba a raɗa masa suna ba.

Mutum ɗaya ta rage da za ta sani, kakata, mahaifiyar babana. Ta haura casa'in, idonta ya tafi, amma bakin nan yana nan daram. Da yamma na kira ta daga gidana a unguwar Muntazah, ta wayar matar baffana da ke kula da ita.

Na ce, "Amarya, miji ya zo da tambaya."

Ta ce, "Wane miji? Mijin da ya gudu ƙasar Larabawa ya bar ni ko goro babu? Faɗi, ina jin ka."

Ta ba ni labari har wayata ta yi zafi: yadda hannun mutanen gidan ba ya rabuwa da shuɗin baba, da wanda ya auri wa, da shekarar da karofi ya rufta. Amma suna ko ɗaya bai fito ba. Mijinta "Malam" ne, surukinta "Baban Malam", Marini kuma "na can sama". Ni da karatuna na manta shaf cewa macen zamaninta ba ta kama sunan mijinta, balle na surukanta. Na matsa, ta ce, "Kai, ba ka da ta ido? Karatun naka ke nan?" Ta miƙa wayar.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Washegari na kai wa Farfesa ƙara, na ce tsohuwa za ta tafi da tarihinmu kabari saboda kunya. Shi kuwa sai murna, har da tashi tsaye. Ya ce su ma mutanen bishop ɗinsa maimaita sunaye suke yi a gida, jika ya ɗauki na kaka, da haka masana ke lalubo dangantaka idan takarda ta yi shiru. Ya ce, "Kada ka tambaye ta sunan. Tambaye ta wa aka sa wa."

Ashe hanyar a gidanmu take ban gani ba. Na sake kira na ce, "Baban Malam, wa ya ci sunansa?" Nan take ta ce, "Ba ga baffanka ba? Ka taɓa jin na kira shi da suna?" Haka muka bi gidan ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda na taso na ji tana ce masa "Abba" ko "Mai Sunan Malam", ashe wani mamaci yake ɗauke da shi. Na sayo babbar takarda a wani shago a unguwar Najma, na manna a falo ina cikewa. Matata, da tsohon ciki a lokacin, ta ce ciwon Baturen ya kama ni.

Sai muka iso kan Marini. Na ce, "Shi fa, wa aka sa wa?"

Sai kawai ta ce a ba ta ruwa.

Matar baffana ce ta fahimtar da ni daga baya. Kafin babana, kakata ta haifi namiji, ɗan fari, surukinta ya sa masa sunan mahaifinsa, wato Marini. Ƙyanda ta ɗauke yaron tun bai yi tafiya ba. Duk waɗanda suka halarci sunan sun rasu. Sunan kakan miji ne, kuma sunan ɗan fari, kunya biyu ke nan, ga mutuwa a kai. Na aika a ce mata na janye, Allah ya huci zuciyarta. Akwatin saman takardata ya zauna a wofi kamar na Farfesa.

Bayan wata guda, wata Juma'a da la'asar na je garin Wakrah sayen kifi, sai ga saƙon murya daga kakata. An ce ita ta sa aka danna mata wayar, ta kori kowa daga ɗakin. Na koma mota na rufe gilashi.

Ta ce, "Maigida, buɗe kunnenka, sau ɗaya zan yi. Ko ranar da aka fita da shi ban yi ba."

Na ji numfashinta. Sannan ta kira sunan. Ba faɗa ta yi ba, kira ta yi, da jan ƙarshensa, yadda uwa ke kiran yaro ya shigo gida. Na kifa kai a sitiyari na yi kuka, kifin yana jira a hannun mai shi.

Da na nuna wa Farfesa takardata a cike, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ka yi sa'a, kai kana da wadda za ka tambaya." Har yau ina gode masa, don ba domin bishop ɗinsa ba da ban tambaya ba sai an makara. Ita kuwa ban san da bakin da zan gode mata ba.

Matata ta sauka, namiji. Ranar suna na kira gida na gaya wa tsohuwa abin da na raɗa masa.

Ta ce, "Ja'iri! Na ba ka suna ka rubuta a takarda, shi ne ka maido min shi cikin gida? To yanzu da wane baki zan kira shi?"

Na ce, "Amarya, sai ki nemo masa laƙabi."

Ta ce, "Rufe min baki. Matso da wayar kusa da shi, in ji kukansa."