Gayauna a Hawa na Huɗu

Jiya da hantsi ɗiyata ta zuba ruwa a tsohon bokitin fentin da muka cika da ƙasa, sai wani ƙamshi ya taso. Ina riƙe da ludayi na tsaya cak. Ka san shi in dai ka taɓa zaman ƙauye, ƙamshin ƙasa mai ƙishirwa in ta sami ruwa. A hawa na huɗu nake a unguwar Muraqqabat, nan ƙasar Larabawa, ƙarar motoci ta cika kunne, amma hancina ya riga ya mayar da ni bayan ɗakin kakata.

Kakata ta wajen uwa tana da wata al'ada. Da zarar bazara ta kama, shamuwa ta fara sauka kan tsamiyar bayan gida, sai ta tara mu jikokinta ta yanka wa kowa gayauna, wato 'yar gonarsa ta kansa. Kada ka ji an ce gona ka zaci wani abu ne, tawa ba ta fi dardumar salla ba. A nan muka koyi ƙirga da ƙwayar wake, muka san bambancin tsiron kuɓewa da na ciyawa. Irin kuɓewarta kuwa yana ƙulle a tsumma tare da toka don kada ƙwari su ci, wata gajera mai yauƙi da ta ce daga gidan iyayenta ta zo da ita.

In ruwan farko ya sauka sai mu yi ta tsalle muna neman iri. Ita ko a jikinta. Sai ta fito a hankali, ta durƙusa, ta cusa yatsa cikin ƙasa, ta ji danshinta da sanyinta, ta girgiza kai. Mu ce mata tsohuwa mai rowa, ita kuma ta ce mu ne masu cin mangwaro ɗanye. Magana ɗaya take maimaitawa: "Ba sama ake tambaya ba, ƙasa ake tambaya." Ni da garajena, ko an shuka sai na tone in ga ko ya tsira in mayar, shi ya sa tawa ce kullum ta ƙarshen fitowa.

Allah ya jiƙanta, ta daɗe da rasuwa. Bara na tambayi ɗiyata daga ina kuɓewa take fitowa, ta ce daga firjin kanti. Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai. Na faɗa wa mahaifiyata a waya, sai ga ɗan ƙullin irin kuɓewar kakata a cikin kayan miyar da ta aiko. Ta ce in riƙe da kyau, shi ke nan abin da ya rage, don bayan gidan an gina shaguna, ita kuma gwiwa ta hana ta durƙuso.

Na jira har ranar da ta kira ta ce ruwa ya sauka a gida. A kaina damina ta zo ke nan. Na shuka fiye da rabi a baranda, a daidai lokacin da zafin garin nan ke hana mutum taɓa ƙarfen ƙofa. Suka leƙo, suka ƙone. Maigidan ya dawo daga Ras Al Khor inda suke loda kaya, ya duba bokitin ya ce, "Khalas, shi ke nan, Maman yara, kin soya ta tun ba ta haihu ba." Na harare shi, sannan na shiga ɗaki na yi hawaye. Abin da ya rage a ƙullin bai cika cokalin shayi ba.

Bana, sanyi na janyewa, malamar su ɗiyata ta ce kowane gida ya ware wa yara wani lungu na kayan tsirrai, tunda lokacin tohon furanni ne. Muka shimfiɗa tabarma kusa da taga. Faifai ɗaya na ƙwallon dabino don ƙirga, ƙwarya ta bawon katantanwar da suka tsinto a bakin teku, furen darbejiyar bakin titi, da gashin tattabarar da ƙaninta ya hana kowa taɓawa. Sai ta ce saura kuɓewar kaka. Na ce a'a, damina ba ta yi ba, alhali tsoro ne kawai nake ji. Yarinyar nan ta durƙusa gaban bokitin, ta cusa yatsa, ta ɗago ta dube ni.

"Umma, ba zafi. Ba kin ce ƙasa ake tambaya ba? Yalla, maza ba ni."

Na ba ta ƙullin. Muka huda murfin gorar ruwa ta zama hadarinmu, ƙaninta na dukan tire a matsayin tsawa. Aikina kawai gadi, don na kama shi yana shirin tonewa, kuma ba sai an faɗa mini inda ya gado ba.

Yanzu tsirran sun kai ƙugunta, sun yi fure rawaya, har ɗaya ta ɗaura 'ya. Yaran nan ba su taɓa ganin shamuwa ba, ruwan samansu daga famfo yake zuwa, gonarsu ma ba ta kai tawa ba. Amma sun san kuɓewa ba a firji ake haifarta ba, kuma mun yi yarjejeniya ta farkon ba ta miya ba ce, za a bar ta ta bushe. Maigidan ya tambaye ni inda zan sami toka a garin da ba murhu. Tun ranar da furen farko ya buɗe nake tara tokar kaskon turare a cikin kwalba.