Jar Kabar Hansatu

Yayata Hansatu ba ta san zama ba. Ni Illo, ƙanenta, ni ke tuƙa jirgin da ke kai mata kaya daga Wara zuwa kasuwar Yelwa, kuma wallahi ko a tsakiyar ruwa sai ta miƙe ta leƙa kwandunanta, ina ta faman, "Yaya, ki zauna kada ki kifar da mu!"

Bandar kifi take yi tun tana budurwa. Idan damina ta sauka ƙwari suka far wa busasshen kifi, wasu sai su yayyafa masa fiya-fiya, maganin ƙwarin nan mai wari, su rufe abinsu. Ita kuwa sai ta mayar da nata kan wuta, itace ya ƙare, kifi ya rage nauyi, idanunta su yi jawur. In an ce mata asara take yi, sai ta ce, "Abin da ba ni ba ɗiyana, ba ni ba ɗiyan wani." Kowane kwando tana ɗaure bakinsa da kabar da ta rina ja. Ba ta da allo, ba ta da leda mai suna, amma 'yan sari daga Kwantagora har Ibadan, da sun ga jar kaba ba sa ko buɗewa.

To, sai babban ɗanta Bilyaminu, magidanci da gemunsa, amma kai, gaggawa kamar ana korarsa! Wani dillali ya nemi kayan da suka fi ƙarfin murhunta, ta ce ba ta iyawa. Shi kuwa gogan ya zagaya ya sayo kifin mutane, ya ɗebi kaba a ɗakinta ya ɗaɗɗaure, ya cusa cikin nata. Ni na ɗauko su, ban sani ba.

Washegari muna Yelwa sai ga Blessing, mai gidan abinci kusa da tasha, wadda ta daɗe tana sari a wurinta. Ta dire kwando a gaban Hansatu.

"Mama, shinshina. 'Yata tun jiya take amai."

Hansatu ta shinshina, sai warin fiya-fiya. Ta dubi kabar, rininta ne. Ta dubi Bilyaminu, ya sunkuyar da kai.

Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi mini sauƙi. Ta fara zuwa ta duba yarinyar, sannan ta bi kasuwa rumfa-rumfa, ta hau acaɓa zuwa gidajen da aka kai kaya, ta tare motar dillalin tana shirin tashi. Duk kwandon da ke da jar kaba sai da ta karɓo. Ta sa aka haƙa rami a bayan gari.

Na ce, "Haba Yaya! Rabin wannan naki ne, lafiyarsa lau!"

Ta ce, "Wane rabin? Nuna mini, in ka iya rantsuwa a kai."

Aka binne duka.

Dillali ya yi fushi bai sake waiwayarta ba. Kasuwanni suka yi ta ci tana zuwa da ɗan kaya, bakin kwando a buɗe babu jar kaba, tana kai da komo, mutane suna wucewa. Amma labari ya riga ya bazu a bakin ruwa, ana nuna ta: ga matar da ta binne kifinta. Ranar da Blessing ta dawo, 'yarta ta warke sarai, ta ce, "Ɗaure mini da jar kabar, Mama, na gani." Yanzu kafin in daidaita jirgi a gaɓa an raba kayanta.

Kasuwa ta yafe mata. Gida ne bai warke ba, kuma na san abin yana cinta, don tana son yaron nan kamar ranta. Makon jiya muna lodi ya zo ya gaishe ta, ya ce, "Inna, kawo in taya ki," ya miƙa hannu zai ɗauki kwando.

Ba ta kalle shi ba. Ta ce, "Bari, kawunka zai ɗauka."

Ya janye hannunsa. Ni na ɗauka.