Haliru Kafinta da Abincin Mutum Goma

Haliru ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk wanda ya ce a Zongon Lome akwai kafintan da ya fi shi hannu, to ya zo ya faɗa a gabana. Ni ce Ma'u mai koko da ƙosai a bakin layin mahauta. Ni na goye shi, don haka ba wanda zai ba ni labarin halinsa.

Tun yana ƙarami hannunsa ke riga bakinsa. Ba ya zagi, ba ya cacar baki, sai dai ka ji tim, mutum yana ƙasa. Innarmu ta gaji da zuwa ba da haƙuri gidajen mutane. Na ƙarshe shi ne wani mai zemijan, ɗan acaɓa ke nan, da ya watsa masa ruwan kwata a unguwar Hanoukopé. Haliru ya sauke shi daga kan babur ya karya masa muƙamuƙi. Lokacin Inna tana kwance ciwon ajali. Ta sa aka kira liman, Haliru ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, ya rantse ba zai ƙara ɗaga hannu ya daki ɗan Adam ba. Ba ta ga watan gaba ba.

Wallahi ya riƙe rantsuwar nan shekara da shekaru. Duk ƙarfin ya juye shi a kan katako: gadaje, ƙofofi, kabad na amare, har daga unguwar Amoutivé ake zuwa nemansa. Ni kuma na samu barci.

Fitinar ta shigo ne da injin goge katako da ya saya. Shagonsa katanga ɗaya ce ta raba shi da filin Issifou mahauci, sa'ansa, mai shanya kilishi. Injin nan kuwa ƙura yake fitarwa, ja, ta fi garin tuwo laushi, musamman in katakon iroko ake gogewa. Sai ta tsallake katanga ta sauka a kan nama. Masu saye su gutsura su tofar, wai ɗaci.

Gaskiya Issifou an cuce shi, ba zan ɓoye ba. Amma ya san da rantsuwar, kuma wargi wuri yake samu. Mutumin da a da in Haliru ya yi tari sai ya canza hanya, shi ne ya shigo shago da bokitin ruwan wankin tumbi ya sheƙa a kan sabon gado. Sannan ya ɗauke ƙanena da mari a gaban jama'a. Ina tsaye da ludayi a hannu. Haliru ya mai da hannayensa baya ya damƙe ɗaya da ɗaya, har farcensa ya huda fata.

Ya ce, "Ka yi haƙuri, Issifou. Zan gyara."

Ni na ji kamar in haɗiyi zuciya in mutu. Shi kuwa sai ya rufe shago ya hau aiki. Ya haɗa wani tebur kamar akwati, ya bi samansa da huda, ƙananan ramuka a jere kamar rariya. Ya samo fankar wani mataccen ɗakin sanyi a wajen masu kifi, ya dasa ta a cikin akwatin yadda za ta ja iska ƙasa. Daga nan bututu ya kai ƙurar cikin wani ƙaton buhun yadi da ya rataye a jikin katanga. In ka ɗora katako a kai kana gogewa, ƙurar ba ta tashi sama, ramukan ne ke zuƙe ta.

Ranar da ya gama ya kira ni. "Yaya, kawo garin ƙosanki." Na watsa tafi guda a kan teburin, sai na ga gari ya nutse, ɓat, ko ɗigo bai kai hancina ba. Ya yi dariya har da dukan cinya. Ya aika a kira Issifou ya zo ya gani, bai zo ba. Duk da haka layi ya zauna lafiya, kilishi ya koma daɗinsa.

Sai aiki ya yi masa yawa, ya yi ta cewa gobe zai zazzage buhun. Buhu ya cika ya yi tim. Ranar da Issifou ya shanya naman sa guda, an gama tsoma shi a labu yana jiƙe, ranar ɗinkin buhun ya ɓalle. Fankar nan ta kwashi ƙurar makonni ta tura ta bayan katanga gaba ɗaya. Naman ya koma kamar an birkiɗa shi a jar ƙasa.

Su uku suka zo, Issifou da ƙannensa biyu, da taɓarya da rodi. Ba su tsaya jin ba'asi ba. Rodin farko a gadon bayan Haliru, na biyu a gwiwa, ya durƙusa. Suka yi ta takawa, suna haurin haƙarƙarinsa, haƙori ɗaya ya faɗo cikin garin katako. Ina ihu, maza suna kallo, 'yan banza. Hannayensa dai suna baya. Sai da Issifou ya ɗauko gatarin saran ƙashi ya nufi teburin, sannan Haliru ya ɗaga murya.

"Ni ku daka, ku bar teburin nan. Don ku na yi shi!"

Issifou ya sare teburin gunduwa-gunduwa kamar yana fasa kan sa. Ya tuge fankar ya jefa a kwata.

Washegari da hantsi Haliru ya zo rumfata yana ɗingishi, ido ɗaya a rufe. Ya ce, "Yaya, ki dafa mini abincin mutum goma."

Nan take na gane. Kowa ya san wanda ya karya rantsuwa miskinai goma yake ciyarwa, kuma malamanmu sun ce ana iya gabatar da kaffarar kafin a karya. Na cakumi rigarsa. Na ce ko za a yanka ni ba zan hura wutar nan ba. Na haɗa shi da Allah, na haɗa shi da kabarin Inna. Ya ɓanɓare yatsuna a hankali, ya tafi wajen Fatouma mai shinkafa da wake. Ya kai abincin ƙofar masallaci da kansa, ya zaunar da miskinai goma, ya tsaya a kansu har suka suɗe kwano, ya zuba musu ruwa suka wanke hannu.

Kafin ya juyo labari ya gama Zongo, masu shaguna suna jan ƙofofi. Na ruga wajen Issifou ba ko takalmi, na ce don girman Allah ya bar unguwar yau. Yana wasa wuƙa, ya ce, "Ma'u, je ki soya ƙosanki."

Abin bai kai tafasar ruwan shayi ba. Da Haliru ya iso, ƙanen Issifou na farko ya kawo masa rodi, Haliru ya kama hannun ya murɗe, muka ji ƙas, ƙashi ya huda fata. Na biyun ya haura katanga. Issifou ya kai masa yanka, wuƙar ta tsarga damtsensa, ko kallon wurin bai yi ba. Naushi ɗaya ya yi masa. Ƙeyar Issifou ta bugi kututturen da suke sara nama a kai, kuma wannan ƙarar har gobe ina jinta. Jini ya biyo kunnensa, ƙafafunsa suna shure-shure. Haliru ya zauna a ƙasa kusa da shi har jandarmomi suka zo.

Ya yi shekaru a kurkuku, ya fito da furfura. Issifou bai mutu ba, amma kan ya tafi. Bai san matarsa ba, bai san wuƙa ba, abin da ya rage masa sai ƙuruciya, lokacin da yake bin Haliru makarantar allo yana ɓuya a bayansa in yara sun tare shi. Haliru ya sake haɗa wani teburin, kullum yana zazzage buhun, ko da yake ba mai shanya komai a bayan katangar yanzu.

Kowace safiya Issifou yakan jawo ƙafa ya shigo shagon ya zauna a benci. Ƙanena ne ke ba shi koko da cokali, don hannunsa ba ya riƙe kofi. Jiya na kawo kokon, na tarar Issifou ya kama hannun Haliru ya ɗora a kan tabon ƙeyarsa.

Ya ce, "Haliru, taɓa ka ji abin da wani ya yi mini. Kai fa kana da ƙarfi. In ka gan shi, ka rama mini, ka ji?"