Mai Ba Jirage Izinin Sauka

Kullum da safe Marlene tana tattaki a tsohon filin jiragen yaƙi na hamadar Arizona, tun da likita ya tsorata ta da hawan jini. A ƙarshen titin saukar jiragen wani tsoho yana hakimce a kujera, da hular kaki da madubin hangen nesa, yana yi wa masu tattaki iso kamar jirage. Ko tsohon soja ne, ko matarsa ke koro shi daga gida, oho.

Yau tana isowa tana haki, ya ɗaga hannu. "Jirgin kaya, sauka a hankali, kwaltar ta tsufa."

"Baba, kai yaushe za ka tashi?"

Ya shafa tumbinsa. "Baiwar Allah, ni tuni aka kwance min inji."