Ɗakin da Kalolaine ta kafe da ƙusa

Ranar Talata, tara ga Maris na 2010, na fara ganin Kalolaine. Lokacin ina akawu a ofishin kaya na tashar jirgin ruwa a Neiafu. Da hantsi ta shigo, gajera kakkaura, ta ce tana son karyayyun katakan da ake ɗora kaya a kansu. Na ce sai an rubuta kafin su fita.

"Rubuta mana, akawu," in ji ta. "In ba ka rubuta ba me za ka ci?"

Ɗinki take yi a kasuwa, mijinta ya rasu tuntuni. 'Yarta ɗaya, Lupe, tana Auckland, ta haihu, ta kuma aiko cewa za ta zo da jaririn a watan Yuli. Ta ce in zaman ya yi mata daɗi wataƙila ta dawo gida gaba ɗaya. Kalolaine ta ɗauki maganar da gaske. Akwai ɗakin baƙi a gidanta cike da tarkace, shi ta ƙudura gyarawa da hannunta, don ba ta da halin kiran kafinta.

Damuwarta ɗaya. Kafin Yuli akwai taron coci, kuma Gwaggo Seini, yayar mahaifin Kalolaine, za ta zo daga tsibirin Hunga ta sauka a wannan ɗaki. A wurinmu in gwaggo ta yaba abu a gidan 'ya'yan ɗan'uwanta, ya zama nata, ba a musu. A zuwanta na baya ta tafi da agogon bango da babbar tukunya.

Saboda haka Kalolaine ta yi gyaran da ba ya ɗaukuwa. Na gani da idona, domin ni na kai mata katakan a motar wani maƙwabci, na kuma riƙa leƙawa ranakun Asabar. Gadon da ta harhaɗa ta kafe shi da bango da daɓe. Maimakon ta rataya zanen ɓawon itace irin namu, sai ta zana adonsa a jikin bangon da ragowar fentin kwale-kwale. Madubi ta dasa shi cikin siminti, ta kewaye shi da ɓawon kifin teku. Labulen buhunan fulawa ne da ta wanke ta rina, ta ɗinke su a jikin sanda, ta buga wa sandar ƙusa ta kowane gefe. Tsohuwar tabarma ta rufe tabon yoyo a rufi. Ɗakin ya yi kyau ƙwarai, ba kuma ƙarin gishiri nake yi ba.

Gwaggo Seini ta iso a farkon Yuni. Abin da ya faru Kalolaine ce ta ba ni labari. Tsohuwar ta zagaya ɗakin tana yabo. Ta kama madubi ta ja, bai motsa ba. Ta taɓa labule, ta girgiza gado, sannan ta zauna.

"Kalolaine, wa ya koya miki rowa? Ubanki dai ba haka yake ba."

"Saboda guguwa ne, Gwaggo."

"Guguwa," in ji tsohuwar. "To, ga ta ta iso."

Suka yi dariya su biyu, aka kawo doya da kifi a ruwan kwakwa. Aka gama taro, baƙi suka watse, Gwaggo ba ta yi maganar jirgi ba. Da Kalolaine ta tambaye ta cikin ladabi wace rana za a kai ta tasha, sai ta ce gwiwoyinta sun gaji da hawan tudun Hunga, kuma ba ta taɓa barci mai daɗi irin na ɗakin nan ba.

"Tunda ba ya bi na, ni zan bi shi. Aika a kawo mini akwatina."

Lupe ta zo a Yuli kamar yadda ta ce. A falo suka kwana kan tabarma ita da jaririn. Ta shiga ɗakin ta gaishe da Gwaggo, ta yaba aikin uwarta, ba ta kuma ƙara tayar da zancen dawowa ba. Kafin wata ya ƙare ta koma. Na tambayi Kalolaine me ya hana ta yi wa tsohuwar bayani. Ta dube ni kamar na yi saɓo, ta ce an taɓa ce wa gwaggo tashi?

Gwaggo Seini ta zauna a ɗakin har ta rasu a 2016, Kalolaine ce ta yi jinyarta. Shekara ta zagayo Kalolaine ta bar gidan a hannun wani ɗan ƙaninta, ta tafi Auckland wurin Lupe. Can take har yanzu, tana ɗinka wa matan coci riguna.