Hannun Rigar Ango

Ni maɗinki ne a tsohon garin Agadas, kuma rigunan angwayen da na ɗinka ba su ƙirguwa. Guda ɗaya ce na ɓata da gangan: na ƙara wa hannunta na dama tsawon taki guda. Rigar abokina ce, wanda muka yi wasan ƙasa tare, kuma ni ya zaɓa babban abokinsa.

An sa ranar aurensa tun kafin ya tafi haƙar zinariya can arewa, kusa da iyakar Aljeriya. Ya dawo saura mako uku biki, hannunsa na dama naɗe cikin farin ƙyalle. Duk wanda ya tambaya sai ya ce ƙuna ce. A shagona ya kwance ƙyallen, bayan ya sa na turo ƙofa. Injin niƙa dutse ya tafi da yatsu biyu, ƙaramin da na kusa da shi. Wurin ya warke, fatar har sheƙi take yi. Daga ni sai mahaifiyarsa muka sani.

"Ka hwaɗa wa surukanka mana," na ce. "Sata ka yi?"

"In sun ce sun hwasa hwa? Ɗiyarsu ta yi lakwal, ta yi boko mai zurhi, ni ga ni da rabin hannu. Ka bari a ɗaura tukuna."

Na yi masa faɗa har maƙwabcina maƙerin azurfa ya dakata da bugu. Shi kuwa ƙasa kawai yake kallo. Tausayinsa ya kama ni, na ɗauki almakashi na yanka rigar yadda yake so, da dogon hannun da zai rufe wurin.

A wurinmu ango sarki ne na kwana bakwai, amma sarkin da ba shi da ta cewa. Ana naɗa masa rawanin turkudi, a ja amawali har bisa hanci, a ba shi takobi ya riƙe, don ƙarfe na korar abin da ido ba ya gani. Ba ya magana gaban surukai, ba ya cin abinci gabansu, ba a barinsa shi kaɗai ko da bayan gida zai zaga. Babban aboki shi ne bakinsa. Duk wannan ya yi mana daidai, ban da abu ɗaya. A unguwarmu, jajibirin ɗaurin aure, wata tsohuwa daga gidan amarya kan kawo ragowar lallen da aka sa wa amaryar, ta shafa wa ango a tafin hannu da kanta. Ni kuwa, da wayona, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, za mu miƙa hagu.

Ranar lallen, bayan la'asar, muka zaunar da shi bisa sabuwar tabarma a tsakar gidansu, takobi bisa cinya, turare na tashi. Mata suka shigo da guɗa. A gabansu kakar amarya ce, ƴar tsohuwa mai idanu kamar na kaza, ta rungume ƙwaryar lalle. Ta durƙusa gabansa da ƙyar, tana yi masa wasan kaka.

"Ina angon nawa? Kawo hannu in gani ko ka isa riƙe ni."

Na kamo hagunsa na miƙa mata. Guɗar ta tsaya cak. Sai a lokacin na gane abin da na yi: na miƙa wa babbar gidan surukai hagu, gaban dangi, ranar lalle. Wata daga cikin matan ta ce, "Mi muka yi musu da za su rena mu haka?" Mahaifiyar ango ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Iya, ki yi haƙuri," na ce, "ƙuna gare shi a dama, lokotoron asibiti ya hana a taɓa."

"Kai maɗinki, rufe mini baki. Kai da ba ka iya auna hannun riga ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau in na tuna sai na ji haushin kaina. Abokina kuwa ba shi da mafita. Al'ada ta hana shi magana, ta hana shi tashi. Yana zaune kurum, tsohuwar ta kama hannun rigar da na ɗinka ta naɗe shi har gwiwar hannu, ta warware ƙyallen a hankali. Kowa ya gani. Wani ya yi salati can baya.

Ita ko gezau. Ta juya hannun sama da ƙasa, ta ɗebo lalle ta cika tafin, ta bi yatsu ukun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ƙara ɗebo mai yawa ta lulluɓe wurin biyun da babu.

"Jikata ta aiko ni," ta ce, da ƙarfi don kowa ya ji. "Ta ce a dama za a sa, kuma in cika nan da kyau. Tun randa ya zo hira ya amshi kohin shayi da hagu ta gane, ba ƙuna ba ce. Mako uku tana jira ya hwaɗa mata da bakinsa." Ta ɗago ta dubi idanunsa, su kaɗai ke waje. "Wajen neman kuɗin aurenta ka bar yatsun, ɗan nan. Mi za ka ɓoye mata?"

Guɗa ta ɓarke, wadda ta fi ta farko. Shi bai motsa ba, amma na ga amawalin ya jiƙe, shunin turkudi ya zubo masa har wuya.

Washegari da safe, muna shirin tafiya masallaci ɗaurin aure, ya riƙe takobin da yatsu uku jajaye, ya miƙo mini hannun rigar yana reto. Maganarsa ta farko ke nan tun wurin lallen.

"Almakashinka na kusa? Rage mini wannan."